Zanen Inna da Na Sa Aka Goge

'Yar ƙanena ta dawo Gombe da damina, shekara guda bayan ta gama jami'a, da wani dogon naɗin farin yadi a kafaɗa kamar mai tallar tabarmi, da akwatin katako cike da fenti da burushi. Zane ta karanta. A lokacin ban ɗauki abin da wani muhimmanci ba. Ni da na yi shekara talatin ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, gani nake yi an dai tura yarinya shekara huɗu ta koyo wasa. Ban taɓa faɗa mata haka ba, amma na san ta sani.

Uwarta 'yar Tangale ce daga wajen Kaltungo. Ƙanena ya haɗu da ita a wurin aiki ya aure ta, kuma ba a yi rigimar da mutane suke zato ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya ce tunda addini bai hana ba, shi ma ba zai hana ba. Ta ci gaba da zuwa cocinta ran Lahadi, shi yana zuwa masallacinsa. 'Ya'yan a gidanmu na unguwar Shamaki aka raɗa musu suna, suka taso suna salla. Da hutu sukan tafi Kaltungo wurin kakarsu ta wajen uwa, kuma wannan yarinyar, da yake ita ce babba, ta fi ƙannenta daɗewa a can. Tana jin Tangale, tana tsintar Fillanci, Hausa da Turanci kuwa ba a magana. Tun tana ƙarama idan ta shigo gidanmu sai a ce ga 'yar Kaltungo ta iso. Daga baya na ji a can ma haka ake yi mata, a ce ga Bafillatana ta iso. Da wasa ake faɗa ko'ina, ita ma dariya take yi.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta haura tamanin a lokacin. A ruga aka haife ta, can wajen Dukku. Tallar nono take yi, sai mahaifinmu, da yake zuwa sayen shanu, ya gan ta ya aure ta ya kawo ta gari. Tana da shuɗin zane a ƙasan leɓenta da gefen bakinta, irin wanda 'yan matan rugarsu suke yi da allura, kuma kowane kunne nata huji biyar ne a jere. Wannan zanen bakin ya daɗe yana ba ni kunya. Ina aji uku a firamare ta taɓa kawo mini abinci makaranta, wata yarinya ta ce uwata ta sha tawada. Maganar ta bi ni har na gama makarantar. Da na girma na fara aiki, abin da na fara saya mata shi ne dogon hijabi, kuma ni na koya mata ta riƙa janyo shi ya rufe haɓa. Ban taɓa gaya mata dalili ba. Ita ta ɗauka duk don addini ne, ni ma a hankali na yarda da hakan.

Ni ce 'yarta ta fari, don haka akwai kunya a tsakaninmu irin ta Fulani. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido. In tana son in yi abu sai ta fuskanci bango ta ce, "A miƙo mini butar nan." Haka muka rayu, kuma ban taɓa ganin wani abu ne ba. Jikokinta kuwa babu irin wasan da ba ta yi da su. 'Yar ƙanen nan nawa "ƙawata" take ce mata.

Ina wurin ranar da yarinyar ta faɗi abin da ya kawo ta. Muna zaune a rumfar ƙofar ɗakin Inna, ana yayyafi.

"Inna, so nake ki zauna mini in zana ki."

"Ki ɗauke ni a waya mana, yadda 'yan'uwanki suke yi."

"Waya sauri take yi, Inna. Ba ta tsayawa ta kalli mutum."

"To ke kwana nawa za ki yi?"

"Wata ɗaya. Ko biyu."

Inna ta yi dariya har ta sarƙe. "Wata biyu kina kallona? Ko kakanki bai yi haka ba."

Na ɗauka abin takarda da fensir ne, a yi kwana uku a gaji. Ni a unguwar Federal Low-Cost nake zaune, Shamaki sai ran Juma'a da yamma nake zuwa. Su kuma da safe suke aikinsu, daga an karya kumallo zuwa kiran azahar, sannan yarinyar ta mai da zanen tsohon ɗakin mahaifinmu ta jingine shi ta kulle. Don haka har aka yi mako uku ban ga komai ba. Abin da na gani kawai shi ne Inna ta canja. Tsohuwar da sai an yi da gaske take yarda a ɗora mata ruwan wanka, yanzu tun da sassafe ta yi wanka ta shafa man shanu. Ta sa an nemo wata Bafillatana daga wurin masu sayar da nono ta yi mata kitso irin na da. Ta sa an sauko da tsohuwar adakarta daga kan kabad, ta fiddo 'yan kunnen da ban taɓa sanin tana da su ba. Fillancinta ma ya dawo. Sai ta fara magana da Hausa, kafin ta kai ƙarshe ta zarce da shi ba ta sani ba.

Wata Juma'a yarinyar ta rako ni bakin titi neman keke, ta ce da ni, "Goggo, kin san Inna tana da yaya da ruwa ya ci?"

Na ce, "Wace yaya?"

"Wadda take bi. Suna ƙetare kogi da shanu, ɗan maraƙi ya kufce, ta koma kamo shi. Inna tana bakin gaɓa tana kallo. Ta ce ita ce ta yi mata zanen bakin nan, saura kwana kaɗan abin ya faru."

Shekarata hamsin da 'yan kai a lokacin, ban taɓa jin wannan labari ba. Na ce, "Allah ya jiƙanta," na shiga keke. Na san Inna ba za ta iya zama ta ba ni labari ba, kunya ba za ta bar ta ba. Duk da haka na ji haushi a ce yarinyar da aka haifa a gabana ta san abin da ban sani ba game da uwata.

Ranar da na ga zanen wata Asabar ce. Na karɓo wa Inna maganin hawan jini, na ce bari in kai mata da safe kafin rana ta yi. Na yi sallama a zaure ba wanda ya ji, na shiga. Warin wani mai kamar kananzir ya cika tsakar gida. Inna tana zaune a kan tabarma a rumfa, kanta a buɗe, furfurarta a kitse ta sauko gefen kumatu, kunnuwa cike da 'yan kunne. Tana sanye da 'yar farar riga ta saƙi mai zaren ja da shuɗi a wuya. Ban taɓa ganinta haka ba, ko ina yarinya. A gabanta an kafa yadin nan a jikin katako, ya fi ni tsawo, yarinyar tana tsaye a gefensa da tsumma a kafaɗa.

Na zagaya na kalla. Tsofaffi biyu ne zaune a kan tabarma ɗaya. A hagu Inna ce. A dama kakar yarinyar ce ta Kaltungo, wadda ta zana tun daga can: gajeriya, baƙa, gashinta a aske ya yi fari, ɗaure da zanen zumuntar matan coci, ɗan ƙaramin gicciye a wuyanta, tana ɓarar gyaɗa a faifai. Gwiwoyinsu suna taɓa juna. A bayansu wata budurwa ce tsaye, hannunta ɗaya a kafaɗar kowacce, fuskarta ba a cika ba, layi ne kawai, amma na gane jikar tasu ce. A zahiri waɗannan tsofaffi sau biyu suka taɓa haɗuwa, ranar biki da ranar suna, kuma ba na jin sun yi maganar da ta wuce gaisuwa.

Gaskiyar abin da na fara ji shi ne Inna kyakkyawa ce. Hannuwanta ne sak, har da ɗan yatsan da ya karye tun tana yarinya ya warke a karkace. Idon na cikin zanen yana kallona kai tsaye, abin da mai idon ba ta taɓa yi ba. Shuɗin bakin nan kuwa yarinyar ba ta rage shi ba, ta fito da shi sosai, kuma ya yi mata kyau. Na daɗe a tsaye da ledar magani a hannu.

Inna ta fuskanci bango ta ce, "A zo a ga yadda ƙawata ta mai da ni budurwa. An ce har Legas za ni."

Kalmar Legas ce ta dawo da ni. A lokacin ni ce shugabar mata a Islamiyyar unguwarmu. Nan take na hango hoton yana yawo a wayoyin matan da nake yi wa nasiha a kan sutura: ga uwar malama kai ba ɗankwali, ga gicciye a gefenta. Na ajiye maganin, na ce da yarinyar ta same ni a zaure.

"Ina za a kai wannan abin?"

"Legas, Goggo. Akwai baje kolin zanen mata da za a yi bayan Sallah. Sun karɓi aikina."

"Maza za su shiga?"

"Kowa zai shiga."

"A ɗauka a waya a watsa?"

"Zai yiwu."

"Wato uwata za ki rataye a bango, kai a buɗe, matar da ta je Makka, ƙatti suna wucewa suna kallo?"

"Ita ta cire, Goggo. Wallahi ban ce ta cire ba. Ranar farko da hijabinta ta zauna. Rana ta uku ta ce in zan zana ta, in zana ta yadda take a gidan ubanta."

"Tsohuwa ce. Me ta sani game da Legas?"

"Na yi mata bayani duka. Ta ce waɗanda take jin kunyarsu duk sun mutu."

Da na ga nan ba hanya, sai na koma ga addini. Na ce ko ba a koya mata hukuncin zana abu mai rai ba? Ta sunkuyar da kai ta ce ta tambaya, ta ji malamai sun yi bayani iri-iri, kuma ita ba ta yi don a girmama shi ba. Sannan a hankali ta ce, "Goggo, ai a falonki ma akwai hotuna a bango." Ba da rashin kunya ta faɗa ba, amma ni a lokacin haka na ji shi. Raina ya ɓaci. Kuma na faɗi abin da har yau nake jin sautinsa a kunnena.

Na ce, "Ba laifinki ba ne. Da ke tamu ce gaba ɗaya, da ba sai an gaya miki ba. Can wurin dangin uwarki ƙila wannan ba komai ba ne."

Ba ta ɗago ba. Tana ta murza tsumman nan a hannunta, yatsunta duk fenti. Can ta durƙusa ta ce, "To, Goggo. Na ji. Me kike so in yi?"

Na ce ta sa wa Inna hijabi yadda kowa ya san ta, ta kuma raba su, kowacce da tabarmarta. Ta ce to. Da yamma na kira ƙanena na gaya masa yadda muka yi, ban da waccan maganar. Ya ce, "Yaya, ke ce babba. Yadda kika gani." Na kwanta ina ganin na kare mutuncin gida.

Juma'ar da ta biyo na tarar da Inna a rumfa ita kaɗai, da hijabinta. Yarinyar ta buɗe mini ɗakin mahaifinmu. Zanen yana jingine. Tsohuwar Kaltungo tana nan da faifanta, budurwar tana nan tsaye, amma hannunta ɗaya a iska yake. Inda Inna take babu kowa, sai tabarma da bango.

Na ce, "Me kika yi haka? Ni hijabi na ce ki sa mata."

"Na gwada, Goggo. Da na rufe kitson da kunnuwan, na janyo shi ya rufe haɓa, sai na ga wata tsohuwa ce kawai, irin wadda za ki gani a kowane layi. Ba zan iya sa hannu a kai in ce Inna ce ba. Shi ne na cire ta."

"Ita me kika ce mata?"

"Na ce danshin damina ya ɓata fentin. In na dawo daga Legas za mu sake."

Ta rufa mini asiri ke nan a wurin uwata, ni kuma na bar ƙaryar ta zauna. Ina iya fita a lokacin in durƙusa gaban Inna in ce ni ce. Ina iya cewa da yarinyar ta dakata, ta sake wani, ko da a gida za a ajiye shi. Inna tana nan da ranta, fenti yana nan, damina ma ba ta ƙare ba. Sai na ce, "To, hakan ma ya yi," na ja ƙofar.

Bayan mako guda ta naɗe yadinta ta tafi. Ta zo har gida ta yi mini sallama, ta durƙusa kamar kullum, na sa mata albarka. Daga baje kolin nan ta samu aiki a can, ta zauna. Wata Sallar ta zagayo ba ta zo ba, ta ce aiki ya yi yawa. Takan kira Inna a waya su daɗe suna hira, ni kuma ta turo mini gaisuwa a rubuce.

Inna ba ta daina jira ba. Duk bayan mako uku sai ta sa a kira mata mai kitson nan. 'Yan kunnen ba ta mayar adaka ba, suna kunnenta a ƙarƙashin hijabi, in ta juya kai sai ka ji ƙararsu kaɗan. Duk Juma'a in na zo, bayan gaisuwa sai ta ce, "Ba a ji ranar da ƙawata za ta dawo ba?" In ce ba a ji ba. Wata rana ina yanke mata farce, ta kau da kai wajen bango ta ce, "Da an bar yarinyar nan ta gama aikinta." Hannuna ya tsaya. Ban san ko danshin damina take nufi ba, ko ta daɗe da gane komai. Tsakanin rumfa da zaure ba nisa, kuma kunnen Inna bai taɓa samun matsala ba. Na yi kamar ban ji ba, na kama ɗan yatsa na gaba.

Da bazara ta kwanta. Kwana tara ta yi, Allah ya karɓi abinsa da hantsi. Ni na yi mata wanka, da wata tsohuwar maƙwabciyarta. Ni na cire 'yan kunnen ɗaya bayan ɗaya, goma cif, na zuba a ƙoƙo. Ni na tsefe kitson, wanda bai fi mako biyu da yi ba. Ranar ce na fara kallon fuskar uwata yadda nake so, ba mai kau da kai. Na sa yatsa na shafa shuɗin nan na bakinta. Maƙwabciyar ta ce, "Yi sauri, 'yar nan, maza suna jira."

A kwanakin zaman makoki jikoki suka shiga neman hotonta don su sa a waya. Aka bincika ko'ina. Akwai na fasfon hajji, akwai na katin zaɓe, akwai na bukukuwa da take can gefe cikin taro. A dukkansu hijabi ya rufe goshi ya rufe haɓa, sai ido da hanci. Wata jikar ta ce, "Inna ba ta son hoto ne?"

'Yar ƙanena ta iso rana ta uku. Ta rame, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ban samu kaɗaicewa da ita ba sai ranar bakwai, da mutane suka ragu. Na same ta a ɗakin mahaifinmu tana zaune a ƙasa. Har lokacin akwai ɗigon fenti a siminti.

Na ce, "Kafin ki goge, ba ki ɗauka a waya ba?"

"Ban ɗauka ba, Goggo. Ba na ɗaukar aiki sai na gama shi."

"Na takarda fa? Ai na ji kin yi wasu da fensir."

Ta ce, "Na sa su a murhu a makon. Fushi nake yi. Wannan kam laifina ne, ba na kowa ba."

"In aka wanke fentin sama, ba za a same ta a ƙasa ba?"

"Sai da na kankare da wuƙa kafin in shafe. Kuma zanen ma ba ya hannuna, wata mata ta tafi da shi ƙasar waje."

Ta buɗe waya ta nuna mini shi a rataye a wani farin bango, mutane tsaye a gabansa. Ta ce wurin da ba kowa ɗin nan shi ya fi jan hankalinsu. Kowa da fassararsa, wasu har rubutu suka yi a kai. Sun yi ta tambayarta wace ce ta tashi daga tabarmar, ba ta gaya wa kowa ba.

Na ce, "Ba za ki iya sake zana ta da ka ba?"

"Na gwada sau uku a Legas. Idon yana fitowa. Bakin ne ya ƙi."

Na tattaro ƙarfina na ce, "Maganar da na yi miki a zaure..."

Ta katse ni. "Ya wuce, Goggo. Don Allah ki bar shi." Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Ba ke kika fara faɗa mini ba. Tun ina firamare nake ji, nan da can. Ke ce dai ban zata ba."

Da na san abin da nake yi, da na ƙi barin maganar, na faɗi kalmar neman gafara da bakina har ta ji. Amma ta ce ya wuce, ni kuma na yi saurin karɓa, don ya fi mini sauƙi. Aka kira mu cin abinci, muka tashi.

Bayan shekara biyu tsohuwar Kaltungo ita ma ta rasu. Na ce da ƙanena zan bi shi ta'aziyya. Ya dube ni da mamaki, don kusan shekara talatin da aurensa ban taɓa taka gidan surukansa ba. Ba gaba muke yi ba, kawai dai kullum akwai dalilin da zai hana. Muka tafi da safe a motarsa. Gidan yana gindin dutse, an kafa rumfuna, mata cikin anko suna waƙoƙinsu na coci a hankali. Aka karɓe ni kamar an daɗe ana jirana. Da azahar ta yi, tun ban tambaya ba wata mata ta kawo mini buta da sabuwar tabarma, ta kai ni ɗakin marigayiyar ta nuna mini gabas.

Da na sallame na ɗaga kai, sai ga zane huɗu a bangon ɗakin, duk na tsohuwar, duk aikin jikarta. Ga ta tana tankaɗe, ga ta tana barci a kujera baki a buɗe, ga ta da kayan coci, ga ta tana dariya ba haƙora. Yara suna ta shigowa suna nunawa, suna gardamar wanne ya fi kama da ita. 'Yar ƙanena tana can waje cikin masu raba abinci, mun gaisa tun da na iso.

Matar ƙanena ta shigo ta zauna kusa da ni. A duk shekarun nan ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba, ko a fuska. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Ta bi idona zuwa bango, ta ce, "Yaya, kin san Mama ta so zuwa Gombe a waccan daminar?"

Na ce ban sani ba.

"Da aka gaya mata an zaunar da su a tabarma ɗaya da Inna, ta ce to ai sai ta je su zauna da gaske. Sun shirya da yarinyar, ranar da za a gama zanen za a ɗauko ta ta kwana biyu a Shamaki. Har ta ware gyaɗar da za ta kai mata, ta sa an koya mata gaisuwa da Fillanci. Kullum tana maimaitawa kada ta manta. Sai aka ce fenti ya lalace."

Ba da zargi ta faɗa ba. Ban san ko 'yarta ta gaya mata gaskiyar abin da ya faru ba, kuma ban iya tambaya ba. Na ce, "Allah sarki." Ta ce, "Haka Allah ya so." Aka kira ta waje.

A hanyar dawowa muka wuce Billiri. Can na ce da ƙanena, "Ranar da na kira ka a kan zanen nan, me ya sa ba ka hana ni ba?"

Bai ɗauke ido daga titi ba. Ya ce, "Yaya, wa ya taɓa hana ki abu a gidanmu?"

Yarinyar tana Legas har yanzu. Ta yi aure, tana da 'ya ɗaya, ana ta kai zanenta wurare. Mata take zanawa, yawanci tsofaffi. Duk Sallah takan kira ni, ta tambayi ƙafata, in tambayi mijinta da 'yar, ta ce a gaida mutanen gida. Ba ma wuce minti biyu. Bara da ta zo Gombe ta kawo mini 'yar na gani, suka yi rabin awa, ta ce mai keke yana jiransu a waje.